Filas ya kwaso mana bairos, wane antibairos zan saka a laftof ɗin gida?

Maman Yara: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wurin masu sani. Laftof ɗaya gare mu a gida, ta hannu ce muka saya, Windows 10 ke kanta. Ni a ciki nake haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibaina, babbar 'yata kuma tana rubuta furojet ɗinta na shekarar ƙarshe. Jiya ta kai filas wani shago aka buga mata babi na uku, da ta dawo ta soka a laftof sai ta tarar duk foldodinta sun koma masu 'yar kibiya a gefe, in ta danna sai wani baƙin allo ya ƙifta ya ɓace. Yarinyar nan ko abincin dare ba ta iya ci ba. Ga kuma wani saƙo da ke fitowa kullum a kusurwa, wai antibairos ɗin da ya zo da kwamfutar ya ƙare, in biya. Wanne zan saya mai kyau? Kuma aikin nata ya tafi ke nan?

Mai Kafe: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalin yarinya, wannan bairos ɗin shotkot ne, kullum muna ganinsa a shago. Ba ya goge fayil, ɓoyewa yake yi. Ki saka Smadav, shi muke amfani da shi a duk kwamfutocinmu. Ƙarami ne, ba ya cin data, kuma da an soka filas zai bincika ya fito da abin da aka ɓoye.

Injiniya: Hajiya, kafin a zo maganar saye, kada a sake danna ko ɗaya daga cikin shotkot ɗin nan, kuma kada a yi wa filas ɗin fomat. Maganar Mai Kafe gaskiya ce, fayilolin suna nan. Ki duba girman filas ɗin, za ki ga har yanzu wurin da suka cinye a cike yake.

Tunda an riga an danna, mu ɗauka laftof ɗin ita ma ta kamu, don haka da ita za a fara. Ki cire filas. Ki shiga Settings, ki buɗe Apps, ki goge wannan antibairos ɗin da ya ƙare. Irinsu na gwaji ne da ake ɗorawa kan kwamfuta, wata ɗaya ko makamancin haka sai su fara neman kuɗi, kuma wanda ba ya samun sabbin bayanai ba ya gane sabon bairos. Da kin goge shi kin sake kunna kwamfutar, Microsoft Defender zai karɓi aikin. Shi a cikin Windows 10 da 11 yake tun asali, ba a biyan ko sisi. Ki rubuta Windows Security a wurin nema, ki shiga Virus & threat protection, ki sabunta shi tukuna, sannan a Scan options ki zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta tashi da kanta, ta yi bincike kamar na minti 15 kafin Windows ta buɗe. Amfanin haka shi ne bairos ɗin bai samu damar tashi ya ɓuya ba. Ki tabbata akwai wuta ko batir a cike.

Bayan nan ki soka filas, ki danna dama a kansa ki ce Defender ya bincika. In ya gama, ki buɗe Command Prompt ki rubuta wannan, amma ki sa harafin filas ɗinki a madadin E:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldodin za su bayyana, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Ki kwafe su, sannan ki yi wa filas ɗin fomat.

Maman Yara: Allah ya saka da alheri Injiniya. To amma wannan na kyauta zai wadatar kuwa? Ni na ɗauka sai wanda aka biya kuɗi ne mai ƙarfi.

Injiniya: A da haka ne, shekarun baya Defender rauni gare shi, shi ya sa sunan ya bi shi. Yanzu ya canza. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu ke nan, gwada antibairos: AV-TEST a Magdeburg ta Jamus, da AV-Comparatives a Innsbruck ta Ostiriya. AV-TEST maki 6 take bayarwa a kan kariya, 6 a kan rashin nauyaya kwamfuta, 6 a kan rashin kama fayil mai lafiya bisa kuskure, jimla 18. Shekaru da dama ke nan Defender yana fitowa a sahun gaba tare da waɗanda ake saye. Sakamakon a buɗe yake a shafinsu, kowa zai iya dubawa. Don kwamfutar gida irin taki, ni ba zan ce ki cire kuɗi ba.

Baban Ɗaki: Injiniya, da girmamawa, ni ban yarda gaba ɗaya ba. Ni ofishin lissafi nake da shi, kwamfuta huɗu, kuma shekara biyar ina biyan ESET. Kamfanin Sulobakiya ne, ba shi da nauyi, ko tsohuwar kwamfuta mai RAM 4GB tana ɗauka, kuma ba ya damunka da talla. Wani abokina Bitdefender yake amfani da shi, na Romaniya, shi ma yana yabawa. Na kuɗi yana ba ka abin da ya fi binciken fayil: kariya lokacin shiga banki ta intanet, da wurin da za ka ga duk kwamfutocinka wuri ɗaya. Wanda yake riƙe da takardun mutane bai kamata ya yi ƙyashin wannan ba.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ai ba mu saɓa ba. Su biyun da ka ambata nagari ne, kuma ga ofis irin naka da sirrin kuɗin jama'a, na goyi baya. Hajiya kuwa in kuɗin abu ɗaya gare ta, gara ta sayi ma'ajiya ta waje ko filas na biyu ta riƙa kwafe aikin yarinyar. Antibairos ba ya dawo da fayil in ma'ajiyar cikin kwamfuta (hard disk) ta mutu ko an sace laftof.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan kile muke ce wa filas, kuma ciwon ɗaya ne, duk wanda ya kai kile wurin buga takarda sai ya dawo da shi. Ga waɗanda Windows ɗinsu ke da Faransanci, abin da Injiniya ya faɗa sunansa Sécurité Windows. Ni dai tambayata, Kaspersky fa? A nan shi ake yawan sayarwa a kwali, amma na ji wai an hana shi.

Injiniya: A Amurka aka hana. A watan Yunin 2024 gwamnatinsu ta sanar da haramta sayar da shi a ƙasar saboda kamfanin na Rasha ne, kuma daga 29 ga Satumba na shekarar aka tsayar da sabuntawa ga masu amfani da shi a can. Dalilin tsaron ƙasa suka bayar, ba wai ba ya kama bairos ba, a gwaje-gwaje yana cikin na gaba. Dokar ta Amurka ce, a Nijar da Najeriya yana aiki. Sai dai in za ka sayi na kwali, ka duba lasisin na wane yanki ne kuma a shigar da shi a gabanka. Suna ma da wata manhaja kyauta, Kaspersky Virus Removal Tool, ta share kwamfutar da ta riga ta kamu.

Auta: Ni kuma Yaya Injiniya, uku na haɗa a tawa: Avast, AVG da Smadav. Na ce in ɗaya ya kuskure ɗaya zai kama.

Injiniya: Auta, cire ɗaya daga cikin biyun farko yau ɗin nan. Antibairos biyu masu gadi a kowane lokaci suna rigima a kan fayil ɗaya, kwamfuta ta yi nauyi, wani lokaci ma ɗaya ya ɗauki ɗaya a matsayin bairos. Kuma Avast da AVG gida ɗaya ne, Avast ta sayi AVG tun 2016, injinsu ɗaya. Daga 2022 su biyun da Norton da Avira duk suna ƙarƙashin kamfani guda, Gen Digital. Smadav daban ne, masu shi a Indunusiya da kansu sun ce mataimaki ne, an gina shi don ya zauna tare da wani babba. Don haka Mai Kafe, yana da amfani a kan filas, amma kada ya zama shi kaɗai ne a shagonka, ka bar Defender a kunne.

Malama Mai Islamiyya: Akwai abin da nake so a ƙara game da na kyauta. A 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga, ta hannun wani reshensu mai suna Jumpshot wanda suka rufe a 2020. Ni tun da na karanta wannan nake duba abin da kowace manhaja ke neman izini a kai kafin in danna amincewa. Gidan da yara ke amfani da kwamfuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Mai Gyara: Ku bari in faɗi abin da nake gani a teburina, don duk wannan muhawarar ta wanne ya fi wanne, ba ta nan ɓarnar ke shigowa ba. Yawancin kwamfutocin da ake kawo min, mai su ne ya kashe antibairos da hannunsa. Zai sauko da Office ko Photoshop ko wasa na kirak, wato wanda aka fasa makullinsa don a yi amfani da shi ba biya, bayanin ya ce a kashe Defender kafin a shigar, shi kuma ya kashe. Watan jiya wani mai ɗaukar hoton biki ya zo min, duk hotunan mutane sun ƙi buɗewa, kowane fayil an liƙa masa wasu haruffa huɗu a ƙarshen suna, ga wata takarda mai suna _readme.txt tana neman kuɗi. Wannan dangin STOP/Djvu ne, bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, kuma ta manhajar kirak ya fi yaɗuwa. Dala 980 suka saba nema, 490 in ka tuntuɓe su cikin awa 72. Na cire bairos ɗin cikin awa ɗaya, amma hotunan ba su buɗe ba, don cire bairos daban, kwance makullin daban. Mun gwada manhajar kwance makulli ta kyauta ta kamfanin Emsisoft, mun duba shafin No More Ransom wanda Europol da 'yan sandan Holan suka kafa da wasu kamfanoni a 2016. Wasu nau'o'in suna buɗewa, nasa bai buɗe ba. Bawan Allah nan a gabana ya zauna ya rasa abin da zai faɗa wa amare uku. Har yau abin yana damuna.

Hajiya, ki tambayi yaran ko sun taɓa saka wani abu da ya ce a kashe kariya. In Office ne matsalar, LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe fayilolin Word.

Baban Ɗaki: Innalillahi. Allah ya mayar masa da alheri.

Malama Mai Islamiyya: Amin. Mai Gyara, ni kuma wani saƙo ne ke fito min a gefe, ja wur, wai an gano bairos biyar in danna nan. Defender kuma ya ce babu komai.

Mai Gyara: Malama kada ki danna, wannan ba daga kwamfutarki yake ba. Wani shafi ne kika taɓa ba wa izinin turo sanarwa. Ki shiga saitin Chrome, ɓangaren Notifications, ki cire duk shafin da ba ki sani ba. Sannan ki sauko da AdwCleaner daga shafin Malwarebytes, kyauta ne, yana share tarkacen talla da ke maƙalewa a burauza. Shi kansa Malwarebytes na kyauta yana da kyau a riƙa bincike da shi lokaci-lokaci, ba ya gadi kullum don haka ba ya karo da Defender. In kuma fayil ɗaya kike shakka, ki ɗora shi a VirusTotal, injina kusan 70 za su duba shi. Amma ban da takardun sirri, don abin da aka ɗora can masu bincike suna iya gani.

Injiniya: Abu ɗaya da ya rage, Hajiya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ma'ana ƙofofin da za a gano nan gaba ba za a riƙa toshe su kamar da ba, kuma antibairos ba ya maye gurbin wannan. Bairos ɗin WannaCry da ya addabi ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017, ta ƙofar da Microsoft ta riga ta toshe tun Maris ya shiga, waɗanda ba su sabunta ba su ya kama. Ki saka manhajar Microsoft mai suna PC Health Check ki ga ko laftof ɗin za ta ɗauki Windows 11, tana buƙatar TPM 2.0, wato wani sashen tsaro na cikin kwamfuta, da RAM 4GB aƙalla. Na san mutanenmu suna kashe sabuntawa saboda data. Gara a ware dare ɗaya a wata, lokacin garaɓasar dare, a bar ta ta sabunta.

Maman Yara: Alhamdulillah jama'a! Mun bi yadda Injiniya ya ce. Defender ya kama abu biyu a laftof, ɗaya a filas, kuma duk foldodin sun dawo, babi ukun nan cif. Yarinya har da kuka. Mai Gyara, na tambaye su, ƙaninta ya amsa cewa ya taɓa saka wani wasan ƙwallo da ya ce a kashe kariya, mun goge shi. Gobe in sha Allah zan sayi filas na biyu, kuma ta tura kwafin furojet ɗin zuwa imel ɗinta tun daren nan. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan mahaifa. Saura babi na huɗu da za a kai bugawa ranar Litinin, ya za mu yi kada a sake kwasowa?

Mai Kafe: Amin Hajiya. Kada ta kai filas ma. Ta mayar da shi PDF ta tura wa mai shagon ta imel ko WhatsApp, ya buga daga can. In dole sai da filas, a ware guda ɗaya na bugawa kawai, babu komai a ciki sai abin da za a buga, in an dawo a yi masa fomat kafin a buɗe.