Matambayi ba ya ɓata, to har da mai tambayar waya?

Mushe na Bagalam:
Salamu alaikum jama'a. Ni mushe ne, wato malamin lakkol, a nan Maraɗi. Yau wani yaro ɗan ajin BEPC, jarabawar ƙare kolej, ya ɗaure ni da karin magana. Na ba su aikin lissafi, ina zagayawa sai na ga kansa ƙarƙashin tebur, ashe hoton tambayar ya ɗauka ya tura ma waya. Na ce kai mi kake yi, ko kunya babu ya ce mushe ai matambayi ba ya ɓata. Aji duk anka kwashe da dariya, ni ma sai da na juya ga tabulo na yi tawa. Amma har na hau moto na iso gida maganar ba ta bar ni ba. Shin karin maganar ga ta haɗa da mai tambayar waya? Kuma kamar tana da wutsiya da tsofaffi ke ƙarawa, ta kwanta mini.

Baba na Limanci:
Wa alaikumus salam mushe. Wutsiyar ita ce "sai dai asirinsa ya tonu". Yaronka ya ci nama ya bar maka ƙashi. Maganar ta matafiya ce. Da can in mutum ya ɗauki hanyar Tasawa ko Madarunfa a ƙasa ya tsaya wani ƙauye ya yi tambaya, za a nuna mai hanya, amma kafin ya sha ruwa ya tashi kowa ya san baƙo ne, ya san inda za shi, wata sa'a har abin da ke cikin kayanshi an gane. Kuɗin tambaya ke nan, da asiri ake biya.

'Yar Tibiri:
Baba Allah ya ƙara girma, amma wallahi wannan wutsiyar ce ta hana mu tambaya tun muna ƙanana. A lise ajinmu mun fi tamanin, ke mace ki ɗaga hannu ki ce ba ki gane ba, kafin ki rufe baki 'yan bayan aji sun sa miki suna, kuma sunan zai bi ki har ƙofar gida. Ni shekarar da na yi bak, jarabawar ƙare lise, ita ce 2020 da anka rufe lakkol a watan Maris saboda korona, ba mu koma ba sai Yuni, kuma abin da ya cece ni bidiyon YouTube ne da gurup ɗin WhatsApp na 'yan ajinmu, darasi ɗaya sai in maida shi baya sau biyar sau shida cikin dare ba mai tsaki ba mai cewa ke har yanzu. Yanzu ina jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma har yau haka nake. Ni a ganina waya ta yanke wutsiyar ne, ta bar mana kan mai amfani.

Mai caji bakin kasuwa:
Matambayi ba ya ɓata amma forfe, kuɗin intanet, na ƙarewa hhhh. Jaka guda in yaro ya shiga TikTok kafin ya tuna da darasi ta tafi. Kun manta 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta? Lokacin 'yan lakkol layi suke wurina da waya a mace. Kuma ku da ke cikin gari ne ke wannan gardama, ƙanena da ke ƙauye can bayan Dakoro sai ya hau tudu yake samun rezo.

Mushe na Bagalam:
Baba na gode, ita ce wutsiyar. 'Yar Tibiri ɗiyata ban ƙi taki ba, na san abin da 'yan mata ke sha a aji, laifinmu ne mu malamai da muke bari. Amma ki tsaya ki ji, wannan asirin da ke tonuwa shi ne kayan aikina. In yaro ya rubuta mini 1/2 + 1/3 = 2/5 ni murna nake, don na ga daidai inda ya saki hanya, ya tara na sama ya tara na ƙasa, minti uku sun isa in gyara shi da lemu ko da fankasau. To yanzu waya ta ba shi 5/6 ya kwafa cikin kaye, na sa mai jan bik na wuce, shi kuwa 2/5 ɗin na nan kwance cikin kanshi ba wanda ya gani, sai ranar jarabawa da ba a shiga da waya. Kamar maras lafiya ne ya zo likita ya ce lafiya lau yake.

Ɗan Gulbi:
Ni aikina gyaran kwamfuta ne, bari in sa baki. Karin maganar ta ɗauka cewa ɗan gari ka tambaya. Waɗannan manhajoji masu amsa tambaya, irin su ChatGPT da ta fito ƙarshen 2022, ba sanin gari suka yi ba, rubutu mai ɗimbin yawa anka ba su, suna hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Inda rubutu ya yi yawa kamar Faransanci da Turanci da lissafin lakkol sukan yi ƙoƙari, inda ya yi kaɗan kamar tarihin ƙasarmu ko Hausarmu ta nan sai su cike gurbi da ƙarfin hali. Na taɓa tambayar wata, ba zan kama suna ba, labarin Tibirin Gobir da ke nan kusa da mu, sai ta cakuɗa mini shi da Tibirin jihar Doso cikin lafazi mai daɗi. Kun san irin mutumin da za ka tambaya hanya, ya ji kunyar cewa ban sani ba, ya nuna maka gabas alhali yamma za ka. Kuma 'Yar Tibiri asirin bai daina tonuwa ba fa, wurin tonuwar ne ya sake, abin da kika rubuta shina ajiye wurin kamfani.

Madam ta Zariya:
Ni dai tun ina yarinya na ɗauka ɓata ɗin na ɓata aiki ne, wato wanda ke tambaya kafin ya yanka yadi ba ya yin ɓarna. Haka innarmu ke faɗa mana wurin ɗinki.

Baba na Limanci:
Madam ta innarku ma ta shiga, Hausa ba ta rowa, amma asali ɓatan hanya ne. Kuma a nan nake son ku lura, wanda ya tambayi hanya da ƙafarshi yake ƙarasawa. Ba a taɓa cewa matambayi a goye shi ba. Ɗiyar nan ta Tibiri da ke maida bidiyo baya sau shida matambayiya ce. Yaron mushe goyo ya nema.

'Yar Tibiri:
Hhhh Baba na karɓa. Amma mushe akwai dabarar da malaminmu na lissafi ya yi lokacin korona, ba ya turo gyara cikin gurup sai kowa ya aika mai hoton takardar da ya yi gwaji kanta, da duk gogen da kuskuren, kuma shi kaɗai ake aika mawa ba cikin jama'a ba, sai ya maido da murya ya ce duba layi na uku. Asiri ya tonu amma wurin mutum ɗaya.

Mushe na Bagalam:
Wannan dabara ce, sai dai yarana da yawa wayar uwa ko ta yaya suke ara, kuma in kowane aji ya aiko mini hoto ni da barci sai hutun ƙarshen shekara. Zan gwada da aji ɗaya tukuna. Shi kuwa gwanin karin magana na maida mai wayarshi da anka tashi, gobe shi zai fara hawa tabulo ya gaya ma aji inda 6 ɗin ta fito.

Mai caji bakin kasuwa:
Mushe ka ce mai ya biyo ta wurina da dare ya yi caji, dala ashirin ne, yana da tambaya da yawa kafin gobe.