Ƙarafunan da ke wuyan jita, me za mu kira su da Hausa?

Jama'a, ku taimaka mini da kalma. Jitar da ƙanena ya dawo da ita daga Jos ta daɗe a jingine a ɗakinmu a nan ƙauye, gefen Ringim, kuma hunturun bana bai raga mata ba. Jiya na ɗauke ta, ina shafa wuyanta sai ji na yi wani abu ya karce ni a yatsa. Ashe katakon ne ya bushe ya tsuke, bakin siraran ƙarafunan nan da aka gindaya a wuya ya leƙo waje. Na zo zan rubuta wa ƙanen nawa saƙo, na rasa sunan ƙarafunan. Makaɗan birni firet suke cewa. To da Hausa fa?

Sauran sassan ba su ba ni wuya ba. Tsirkiya tsirkiya ce, ko biyu ce irin ta garaya ko shida irin ta jita. Abin da tsirkiya take hawa a kan ciki kuwa jaki ne, sai dai na jita da gam ake manna shi. Shi ya sa ba a barin ta ƙarƙashin rufin kwano a watan bazara, gam ɗin yana saki, jakin ya ɗaga.

Na kai jitar wajen Kawu, wanda ya yi wa mafarauta kiɗan garaya tun kafin a haife ni. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa cikin, ya ce, "Ɗan nan, abin da ba mu da shi ina za mu sa masa suna? Garaya da gurmi da molo duk wuyansu sumul yake. Kunne ne ke gaya wa yatsa inda zai sauka."

Tun safe na yi muku wannan tambaya, ga sunayen da kuka kawo. Mutum uku sun ce tsani ko matakala. Kamar akwai kama, amma tsani tazararsa ɗaya ce, waɗannan kuwa suna ƙara matsewa yayin da kake gangarowa wajen ciki. Haƙarƙari ma an faɗa, na wuce shi.

Wani manomi daga Taura ya ce kunya, irin ta gona. Wallahi ta burge ni. Ka kwantar da jita ka dube ta, sak gonar da aka yi wa huɗa, har dattin gumi da ƙura a gindin kunyar yake taruwa. Na kusa amincewa, sai wani ya tuna mana akwai jitar da ake ƙerawa babu ƙarafunan sam. Wato sai mu ce jitar wane ba ta da kunya? Nan dariya ta kashe maganar.

Wadda ta zauna mini ita ce ta wata malamar Hausa: gaɓa, kamar gaɓar rake ko ta karan dawa. Dalilina shi ne mai kiɗa ba kan ƙarfen yake danna yatsa ba, tsakanin ƙarfe da ƙarfe yake dannawa, kuma gurbin nan shi yake ƙirgawa. Gaɓa ta 3, gaɓa ta 5, baki bai yi tuntuɓe ba. Ƙarfe na 12 shi ne ya raba tsirkiya gida biyu daidai. Jitar tamu na ƙirga, gaɓoɓi 20 ne. Shi kuma ƙarfen kansa sai a ce ƙarfen gaɓa.

Na koma na gaya wa Kawu. Ya ce, "Gaɓa dai ta fi firet daɗin faɗa." A wajensa wannan babban yabo ne.

Ga saƙon da na tura wa ƙanen nawa: na sassauta tsirkiya, na bi gindin kowane ƙarfen gaɓa da tsohon buroshin haƙori, na goge da busasshen tsumma. Inna ta miƙo man gyaɗa na ƙi, don yana yin danƙo ya yi wari ya kama ƙura. Na sa jiƙaƙƙen soso a robar sabulu mai huji, na ajiye cikin jakar jitar don katakon ya sami laima. Idan ƙarafunan gaɓar ba su koma ba zuwa damina, sai ya zo ya kai ta Kano a goge bakinsu.