Ɗaga Hilux don hanyar burji: sifesa ta isa ko sai an canza shokozoba da sifirin?

Mai Vigo ya rubuta:

Assalamu alaikum masana harkar mota. Hilux Vigo ce ta 2012, dizal, mai ƙofa huɗu, mai jan taya huɗu, tana kan taya 265/65R17. In babu kaya bayanta ya fi gaba tsayi, gaban kuma yana dukan ƙasa a hanyar burji, musamman da damina in ruwa ya zaizaye hanya. Ina son a ɗaga gaban ya yi daidai da baya, ko a ɗaga ta gaba ɗaya inci 2 ko 3, in sa mata taya mai ɗan girma. Wasu sun ce sifesa, wato faifai mai kauri da ke ƙara tsayi, kawai za a ɗora a kan shokozoba aiki ya ƙare, wasu sun ce sai an canza shokozoba da sifirin gaba da baya. Motar takan ɗauki buhun taki goma a kai a kai. Me ya kamata a saya, kuma me ke lalacewa bayan an ɗaga?

Bakaniken Ƙarƙashi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka sayi komai, ka nemi tef ka auna. A ajiye motar a kan daɓe mai lebur, tanki cike, babu kaya. A auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, a kowace taya. Kada a auna daga ƙasa, domin iskar taya da cinyewarta za su ruɗa lissafin. Mota mai wannan shekaru sau da yawa koyil ɗinta na gaba, wato sifirin mai naɗi, ya riga ya zauna, sai mai ita ya ɗauka ɗagawa take bukata, alhali tsayinta na asali ne ta rasa.

Tsayin bayan nan da kake gani da gangan Toyota ta yi shi. An bar shi sama ne don in an yi lodi motar ta daidaita. Buhun taki goma kilo 500 ke nan. In ka ɗaga gaba kaɗai har ya yi kai ɗaya da baya, ranar da ka ɗora kaya bayan zai zauna, hancin ya kalli sama, sitiyari ya yi sakayau, fitila ta riƙa haska idon masu tahowa. Don haka mai ɗaukar kaya irinka, gaba da baya ake ɗagawa tare, a bar bayan ya fi gaba da milimita 25 zuwa 40 in babu lodi.

Yanzu batun gaban. Kowace taya tana rataye ne da am biyu, wato hannuwan ƙarfe da ke haɗa ta da shasi, na sama da na ƙasa, shokozoba da koyil a haɗe suna zaune a kan am na ƙasa, wajen tsakiyarsa. Saboda ba a bakin wili suke ba, duk abin da ka ƙara a kansu yana fitowa kusan ninki biyu a taya. Sifesa mai kaurin milimita 25 takan ɗaga mota milimita 40 zuwa 50. A nan mutane ke faɗawa rami: mutum yana son inci 2 sai ya sayi sifesa mai kaurin inci 2, motar ta tashi kusan inci 4.

Sifesar da ake ɗorawa a saman shokozoba ita ce mafi arha, amma ga abin da take yi. Tana tura shokozoban gaba ɗaya ƙasa, don haka in taya ta faɗa rami, am ɗin yana sauka fiye da inda aka ƙera masa. Boljoyin na sama, wato gaɓar da ke bakin am wajen wili, yana kaiwa ƙarshen juyinsa ya ƙage, am na sama yana bugun koyil, shaf ɗin gaba kuma yana lanƙwasa da yawa har robarsa ta riƙa gugar kanta ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga. In kuma motar ta daki tudu da ƙarfi, shokozoba na iya kai ƙarshensa kafin am ya taɓa stofa, wato robar da aka sa don ta tare dukan, sai sandar shokozoban ta lanƙwashe. Ɗaya nau'in, wadda ake sawa a ciki ta matse koyil, ba ta ƙara wa shokozoba tsawo, amma tana cinye saukar taya, sai ka ji ƙwal a duk ramin da aka shiga.

Abin da zan ba ka shawara shi ne shokozoba da koyil da aka yi musamman don ɗagawar milimita 40 zuwa 50, wato kusan inci 2. Old Man Emu da Ironman 4x4 da Dobinsons da Tough Dog, duk na Ostireliya, suna yi wa Vigo, Bilstein ma tana yi mata shokozoba. Koyil ana zaɓensa ne da nauyin da ke gaban mota. In ba ka da bamba ta ƙarfe da winci, ka ɗauki mafi taushi. Wanda aka yi don bamba ta ƙarfe in aka sa shi a motar da ba ta da ita, zai ɗaga ta wuce kima kuma ya yi tauri.

Bayan an ɗaura, ga gwajin da ba a tsallakewa. A auna tsakiyar wili zuwa madigadi motar tana ƙasa, sannan a sa jak a shasi a ɗaga har taya ta bar ƙasa, a sake aunawa. Bambancin ya kai milimita 60 ko fiye. In bai kai ba, an ɗaga ta da yawa.

Inci 3 kuwa wani aiki ne daban. Sai an canza am na sama, an sauke difarenshan gaba da kusan milimita 25 don shaf ya miƙe, wani lokaci a matsar da sandar balans don kada ta gogi koyil. Kuɗin ya ninka, motar kuma ta fi saurin tangaɗi a kwana.

Wajen kwance koyil daga shokozoba, a kai inda suke da injin matse sifirin na tsaye. Ƙarfin da ke cikin koyil ɗin nan ya isa ya karya hannu ko ya kashe mutum in ya kuɓuce.

Mai Sifirin ya amsa:

Oga ya gama da gaba, bari in ɗora da baya, domin nan ne nauyin Alhaji yake.

A Vigo mai jan taya huɗu sifirin yana zaune ne a saman aksul. Na faɗi haka don masu karatu da ke da ƙaramar Hilux mai jan baya kawai su leƙa tukuna: in sifirin ɗinku a ƙarƙashin aksul yake, bulon ƙarfe da ake sawa tsakanin sifirin da aksul sauke motar zai yi.

Bulo tsakanin sifirin da aksul yana ɗagawa daidai kaurinsa, amma bai ƙara wa sifirin ƙarfi ko kaɗan ba. Yana kuma nisanta aksul daga sifirin, sai aksul ya riƙa murɗe sifirin ɗin in an taka mai a yashi ko an ja lodi a hawa, taya ta riƙa tsalle. Ga mai kilo 500 ban yarda da shi ba. Wanda ya nace, kada ya wuce milimita 25, kada ya ɗora bulo kan bulo, kuma kan santabol, wato kusar da ta ɗaure fallayen sifirin a tsakiya, ya shiga ramin bulon sosai.

Doguwar shakul, wato maɗaurin da ke rataye ƙarshen sifirin a shasi, tana ba da rabin abin da aka ƙara mata. Ka ƙara milimita 50, ka sami kusan 25, tsohon sifirin kuma ya ƙara saurin miƙewa.

Ƙarin falle ɗaya shi ne abin da aka fi yi a garejinmu na nan, kuma yana aiki in sauran fallayen suna da rai. A sa sabon santabol mai tsawo, a jera fallen a inda tsawonsa ya dace, kada bakinsa ya zauna yana cin na samansa. Abin da ba na so shi ne gasa sifirin da wuta a sake lanƙwasa shi. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, zai zauna nan da nan ko ya karye.

Mafi kyau shi ne sabon sifirin cikakke. Kamfanonin Ostireliya da Oga ya lissafa suna rarraba shi da nauyin da ke zama a mota kullum, akwai na mota marar kaya, akwai na kilo 300, akwai na sama da haka. Tunda kai wata rana da lodi wata rana babu, ɗauki na tsakiya. Mafi taurin in motar ba kaya bayanta zai riƙa tsalle a gargada, taya ta riƙa barin ƙasa. A haɗa da shokozoban baya mai tsawon da ya dace, domin na asali zai ƙure kafin sifirin ya gama sauka.

Yubol, wato ƙarfen da ke ɗaure sifirin da aksul, sabo ake sawa, ba a maimaita tsoho, domin ya riga ya miƙe a ɗaurin farko. A ɗaure notinsa a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awo bisa littafin motar, a sake bi bayan kamar kilomita 500.

Sai wani abu da ake yawan mantawa. Leƙa saman aksul na baya. In ka ga wata siririyar sanda ta taso daga aksul zuwa wani bawul a jikin shasi, wannan shi ke auna lodi yana raba ƙarfin birki. Da ka ɗaga mota, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya ko da akwai, ya rage wa tayoyin baya birki. Maganinsa a ɗaga maƙalin sandar a kan aksul daidai yawan abin da aka ɗaga motar. Sannan a ɗaga motar ta shasi, aksul ya rataya, a taɓa tiyon birki da wayar ABS da kebur ɗin birkin hannu. Duk wanda ya miƙe tsam, a sauke maƙalinsa ko a sa mai tsawo.

In bayan aiki ka ji jijjiga lokacin tashi daga tsaye, farfela ce. Biyu ce a haɗe da boris a tsakiya, ɗagawar ta canza mata kwana. Akan sauke boris ɗin da 'yar sifesa, ko a sa weji na digiri 2 zuwa 3 tsakanin sifirin da aksul.

Mai Alaimen ya amsa:

Ni ban kai Oga tsanani kan sifesa ba. In shokozoba lafiya lau yake, mutum ba ya lodi, yana son milimita 20 kawai, sifesa ta alminiyom mai kaurin milimita 10 zuwa 12 ba ta da laifi. Amma ga Alhaji, maganar Oga ce.

Duk abin da aka sa, alaimen dole ne a ranar. Ɗagawa tana rage kasta, wato jinginar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. In ta ragu, motar za ta riƙa yawo a kwalta, direba yana ta gyara hannu. Kamba, wato jinginar taya ciki ko waje, da to, wato inda bakin taya ya fuskanta, su ma suna gocewa, taya ta cinye gefe ɗaya. Ana gyara kasta da kamba ne da kusoshi huɗu masu faifai da ke riƙe am na ƙasa, biyu kowane gefe. A milimita 50 yawanci suna isa, ko da yake suna kusa da ƙurewa. In an juya su ƙarshe kasta ba ta kai wajen digiri 2 ba, am na sama da aka ƙera don mota mai ɗagawa shi ne magani.

Kusoshin nan suna yawan yin tsatsa su manne da bushin. A gwada juya su tun kafin a fara aiki. In sun ƙi, a tanadi sabbin kusoshi da bushin, don yanka su za a yi. A shafa wa sabbin giris.

Duk kusar da ta ratsa bushin roba, ta am, ta ƙasan shokozoba, ta idon sifirin, sai motar ta sauka kan tayoyinta ake ɗaure ta ƙarshe. In aka ɗaure tana kan jak, robar za ta zauna a murɗe ta tsage cikin 'yan watanni. Sabon sifirin yana ɗan zama, don haka a dawo a sake duba alaimen tare da yubol. A sauke saitin fitilun gaba su ma.

Mai Vigo ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na gamsu da inci 2. To taya fa, 285/70R17 za ta shiga?

Bakaniken Ƙarƙashi ya amsa:

Amin, Alhaji. Tayarka ta yanzu tsayinta milimita 776 ne. 265/70R17 tana da 803, ita kuwa 285/70R17 tana da 831. Rabin ƙarin ne ke zama tazara daga ƙasa, wato milimita 13 a ta farko, 27 a ta biyu. Kuma taya ce kaɗai ke ɗaga difarenshan baya, shi kuwa sifirin, bodi da shasi yake ɗagawa.

265/70R17 tana shiga a wilinka na asali, iyaka a ɗan datse robar laka in ta taɓa. 285 kuwa ko an ɗaga motar tana gogar maɗaurin bodi da ke bayan tayar gaba in an karya sitiyari ƙarshe, tana matsowa kusa da am na sama, sai an yanka ƙarfe an yi walda, wani lokaci a canza wili. Ta fi ta asali da kashi 7 cikin 100, don haka in agogon gudu ya nuna 100 kana wajen 107, motar za ta yi nauyin tashi da lodi, ta ƙara shan mai, birki ya ƙara wahala. Da 265/70 bambancin kashi 3 da ɗoriya ne kawai. Ka ɗauki 265/70R17 mai alamar LT, wato ta ɗaukar kaya, saboda nauyin taki, ka sayi biyar har da safaya, domin taya mai tsayi daban tana wahalar da giya in an sa jan taya huɗu. Nauyin da aka rubuta wa motar kuma yana nan yadda yake, sabon sifirin bai ƙara wa aksul da birki da shasi ƙarfi ba.