Neman maƙerin da zai haɗa wa bahago bindigar farauta a Damagaram

Bahagon Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu sanin harkar farauta. Ni bahago ne tun ina yaro, kuma ko da yake an yi ta fama da ni har na koyi ci da rubutu da hannun dama, a kafaɗar hagu nake ɗora bindiga, domin nan ne kawai hannuna yake samun natsuwa. Farautar da nake yi ba ta wuce zabin daji da fakara da zomo bayan an kwashe amfanin gona, a wajejen Miriya da Gidimuni. Adakar da na gada wurin mahaifina an ƙera ta ne domin mai amfani da dama, saboda haka wurin da wuta ke tashi yana ɓangaren da kumatuna yake kwanciya, kuma duk lokacin da na harba sai tartsatsi ya fallatso mini kusa da ido, hayaƙi kuma ya bi ta kan hannun rigata. Na taɓa gwada bindigar wani aboki mai sakata, sai na ga dole in sauke ta daga kafaɗa kafin in ja sakatar, kwanson harsashin kuma yana ficewa ta gaban fuskata.

Tambayata ita ce, shin akwai maƙeri a cikin Damagaram ko a garuruwan kewaye wanda zai iya haɗa mini bindiga tun daga tushe bisa tsarin bahago? Da waɗanne alamomi zan gane gwani, kuma me ya kamata in tanada kafin in je wurinsa? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Maharbi, Miriya, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka nemi maƙeri, ka fara bincika idonka, domin ido ne yake harbi, hannu rakiya kawai yake yi. Ka tsaya a ƙofar gida, ka buɗe idanu biyu, ka miƙa hannu ka nuna wani abu mai nisa da yatsa, misali kan hasumiyar masallaci, sannan ka rufe ido ɗaya ka buɗe, ka rufe ɗayan. Idon da yatsarka ta tsaya cak a kan hasumiyar lokacin da shi kaɗai ne a buɗe, shi ne yake jagorantar ganinka. Ba kowane bahago ne idonsa na hagu yake jagora ba, kuma na ga masu cin tuwo da dama waɗanda idon hagu ne shugabansu, suna ta kuskuren zabo a fili suna zargin bindiga. Idan idonka na hagu ne jagora, to kafaɗar hagu ita ce taka, kada ka saurari masu cewa ka sauya. Idan kuwa na dama ne, sai ka sake tunani tun kafin ka kashe jika ko ɗaya.

Abu na biyu, irin naman da ka lissafa ba ya buƙatar bindiga mai sakata. Wannan ta babban nama ce daga nesa, mai harsashi guda da ke tafiya wuri ɗaya. Mai bin zabo da fakara abin da ya dace da shi ita ce kalibar 12 mai watsa ƙwayoyin dalma, wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi. Irin wannan ba ta jefar da kwanso ta gefe, ta baya yake fitowa bayan ka karya ta, don haka babu ruwanta da dama ko hagu. Mu da muka girma da Simplex ta kamfanin Manufrance na garin Saint-Étienne a Faransa mun san haka, domin abin buɗe ta yana ƙasa wajen kunama, kowane hannu yana isa gare shi. Baikal ta Rasha mai baki ɗaya ita ma a ƙasa ake matsa ta, bayan kunama. Masu baki biyu ne galibi suke da maɓalli a sama wanda ake turawa dama, kuma shi ma bahago yana sabawa da shi ba tare da wahala ba.

Jikan Maƙera, Zongo, ya amsa:

Baba ya yi gaskiya a kan ido, amma ina so in yi magana a matsayin wanda ya tashi a bakin zuga-zugi, domin kada a ɗauka cewa sai abin da ya fito daga Turai ne bindiga. Garin nan yana da tarihi a wannan sana'a. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, a nan cikin Damagaram ake zuba igwa, ana haɗa albarushi, kuma da wannan ƙarfi ne masarautar ta gagari maƙwabtanta. Juya makunnin adaka daga dama zuwa hagu ba abu ne da ya fi ƙarfin gwanin maƙeri ba, sai dai aikin ba na sauya wuri kaɗai ba ne, domin kowane ƙarfe na ciki sai an sake ƙera shi a juye, ƙotar ma sai an sassaƙa sabuwa tunda ramin tsohuwar yana wancan gefe. Wannan ya sa duk wanda ya ce maka zai yi aikin cikin kwana biyu a farashin ta kowa, to bai fahimci abin da ka nema ba, ko kuma ya fahimta yana son kuɗinka ne kawai.

Duk da haka, yayana, akwai abin da ba zan ɓoye maka ba ko da zai ɓata wa wasu ƴan uwana rai, wato maganar bututu. Makunni da kunama da ƙota duk aikin hannu ne da ido yake iya tantancewa, amma ƙarfin bututu ba a ganin sa da ido. Da yawa daga masu ƙira a yau suna amfani da bututun ruwa ko wani ƙarfen da aka ciro daga tsohuwar mota, kuma bututun ruwa yana da ɗinki a tsawonsa wanda ba a yi shi domin ɗaukar bugun albarushi ba. Na ga wata adaka da aka kawo wa kawuna bayan ta fashe: bututun ya tsage kamar tsawon tafin hannu daidai inda ake tallabe shi, leɓɓan tsagar sun murɗe waje, itacen da ke ƙarƙashi ya zama tsinke-tsinke, mai ita kuwa ya rasa yatsu biyu. Ka lura cewa a wurinka hannun da ke tallabe bututu shi ne na dama, wanda kake ci da rubutu da shi. A ƙasashen Turai da dama ba a sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji, irin na Liège a Beljiyam ko na Saint-Étienne, an harba ta da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, sannan a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Maƙeran unguwa ba su da irin wannan wuri, gwajinmu bai wuce a ɗaure bindiga a jikin itace a ja kunama da igiya daga nesa ba, kuma wannan yana nuna cewa ba ta fashe yau ba ne kawai.

Shawarata ita ce ka raba aikin gida biyu. Ƙarfe ka samo na kamfani mai hatimin gwaji da lamba, ita kuwa ƙota ka kawo wa mai sassaƙa na gida, domin a nan ne ainihin bambancin bahago yake. Yawancin ƙotocin kamfani an ɗan karkatar da gindinsu zuwa dama da milimita kaɗan, domin idan mai dama ya kwantar da kumatu idonsa ya faɗa daidai tsakiyar bututu. Idan bahago ya ɗauki irin wannan, karkatar tana ture fuskarsa daga layin saiti, sai harbinsa ya riƙa kaucewa gefe ɗaya kullum, bindigar kuma ta riƙa dukan ƙashin kumatunsa. Abin da kake buƙata shi ne ƙota mai karkata zuwa hagu, ko aƙalla miƙaƙƙiya. Tsawon daga kunama zuwa ƙarshen gindi a bindigogin kamfani yana kusa da santimita 36, amma naka ya danganta da tsawon hannunka da kaurin rigar da kake sawa lokacin sanyi, wanda shi ne lokacin farauta.

Gwani kuwa ga yadda za ka gane shi. Zai sa ka ɗora bindigar, babu harsashi a ciki, sau da yawa, ido a rufe, sannan ka buɗe ya ga inda idonka ya sauka, kamar yadda tela ba ya yanka shadda sai ya auna mai riga. Zai tambaye ka irin naman da kake bi. Zai nuna maka itacen da ya daɗe yana bushewa a inuwa, domin ɗanyen itace yana murɗewa idan hunturu ya shigo, har ya saki ƙarfen da aka ɗaura masa. Ni na fi son maɗaci a wannan aiki, ƙirya kuwa ta fi shi ƙarfi amma nauyinta yana gajiyar da mai yawon daji. Ka duba kuma yadda jijiyar itacen ta bi ta wuyan ƙotar, inda hannu yake kamawa: idan ta bi tsawon wuyan to zai jure, idan ta gitta shi to nan zai karye. Ban ga amfanin in ambaci sunan kowa a fili ba, amma idan ka je wurin Sarkin Maƙera ka gaishe shi ka faɗi buƙatarka, ya san hannun kowa a cikin mutanensa.

Ma'aikacin Gandun Daji Mai Ritaya ya amsa:

Malam, duk abin da aka faɗa maka a sama yana zuwa ne bayan takarda. Izinin mallakar bindiga daban yake da izinin farauta. Na farko yana hannun hukumomin cikin gida, na biyu kuma yana hannun ma'aikatar da ke kula da gandun daji da namun dawa, bisa doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar. Hukuma ce take buɗe lokacin farauta kuma ita take rufe shi, akwai dabbobin da ba a taɓa su ko da lokacin a buɗe yake, irin su jimina da raƙumin dawa, akwai kuma wuraren da aka keɓe, kamar Termit da Tin Tumma tun 2012.

Dalilin da ya sa na goyi bayan shawarar Jikan Maƙera shi ne, bindigar kamfani tana da lamba a jikinta, lambar nan ce ake rubutawa a takardar izini, sauya ƙota kuma ba ya taɓa ta. Wadda aka haɗa tun daga tushe a maƙera ba ta da lambar da jami'i zai duba ya gwada da takarda. A halin tsaron da ake ciki, musamman tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa a 2015, mutumin da jandarma suka tsayar a hanyar Gure da bindiga marar lamba zai sha dogon bayani, shi da wanda ya ƙera masa ita. Saboda haka ka fara zuwa ofishin gandun daji na jiha ka ji sharuɗɗan da ake aiki da su a bana, kuma ranar da za ka kai bindigar wurin mai sassaƙa ka tafi da takardarka a aljihu. Idan ma zai yiwu, bayan an gama awo ka kwance ƙotar ka bar masa ita kaɗai ya yi koyi da ita, ƙarfen ya kwana a gidanka.

Bahagon Birni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena. Na yi gwajin da Baba ya faɗa, kuma idon hagu ne jagora. Wani ɗan uwan mahaifiyata yana da tsohuwar Simplex mai takarda wadda ya daina fita da ita, kuma ya nuna zai iya sallama mini ita idan hukuma ta yarda a mayar da izinin da sunana. Me ya kamata in duba a jikinta kafin mu yi ciniki?

Tsohon Maharbi, Miriya, ya sake amsawa:

Madalla, ɗana. Ka karya ta ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa ta baya: cikinsa ya kasance sumul, babu ramukan tsatsa masu zurfi, babu kumburi ko lotsawa, kuma ka shafa bayansa da yatsu domin wani kumburin hannu ne yake jin sa kafin ido ya gani. Ka rufe ta ka riƙe gindin ka girgiza, idan ka ji bututun yana motsi a mahaɗarsa to ta saki, kuma gyaran wannan ya fi sabuwar ƙota tsada. Sannan ka nemi lambar da aka buga a ƙarƙashin bututun wadda ke nuna tsawon ɗakin harsashi. Kamfanin Manufrance na asali ya rufe tun 1985, kuma da yawa daga tsofaffin bindigogin Faransa ɗakinsu milimita 65 ne, alhali harsashin da ya fi yawa a kasuwa yanzu na milimita 70 ne. Na 70 yana shiga ɗakin 65 lafiya lau domin bakinsa a naɗe yake, amma lokacin harbi ba ya samun wurin buɗewa sosai, sai matsin ya ƙaru a cikin tsohon ƙarfe. Idan ka ga 65 a jikinta, ka tabbata za ka riƙa samun harsashin da ya dace da ita kafin ka biya kuɗi, idan kuwa 70 ce to sai maganar takarda da ƙota. Adakar mahaifinka kuma ka goge ta da mai ka rataye, kada wani yaro ya zuba mata garin da aka farke daga harsashin zamani, domin ba irin albarushinta ba ne.