An ce in cire "master" da "slave" daga tsohon aiki, in caje su ko in ƙyale?

Abba: Salamu alaikum. Daga Kano nake kula da manhajar wani kamfani na Ingila. Jiya suka ce in mayar da sunan babban reshe (ainihin kwafin rubutun manhajar) daga "master" zuwa "main", in kuma cire "slave" da "blacklist" duk inda suke, wai kalmomin (ubangida, bawa, baƙin jeri) suna tuna bauta da wariyar launin fata. Ma'ajiya (wurin ajiye rubutun manhaja) 11 ce, duk tsofaffi, kuma wannan ba ya cikin yarjejeniyarmu. In caje su daban?

Sadiya: Aikin minti biyu ne. GitHub ma, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, tun Oktoban 2020 da "main" yake buɗe sabuwar ma'ajiya.

Abba: Sabuwa kika ce, Yaya Sadiya. Nawa tsofaffi ne.

Tijjani: Ƙanena, kar ka soma ranar Juma'a. Haka na yi wa wasu Turawa bara, ashe na'urar da ke ɗora aikin a intanet tsohon sunan take nema. Gyara ya ƙi hawa har Litinin, aka ɗora mini laifi, aka yanke kuɗina. Abin takaicin, mutanen da suka tara mu suna jawabi kan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a Amurka, da mutunta baƙar fata, su ne ke biyana kashi ɗaya cikin uku na abin da suke ba abokin aikina a Jamus. Aiki ɗaya fa! An cire bawa a rubutu, an bar shi a albashi.

Nura: Dala 50 na karɓa.

Hafsat: Kai Nura, ka karya kasuwa. Ni 400, ma'ajiya shida.

Nura: Ke da kika fara shekaranjiya?

Hafsat: Shekaranjiyar ce aka biya ni 400.

Ɗan Fagge: To mu ma sai a gyara mana baƙin ciki da farin ciki. Ni baƙin jinina wajen 'yan mata nake so a fara cirewa.

Issoufou: Ka yi dariyarka kan baƙi da fari, Ɗan Fagge, amma "bawa" daban ne. Ni ɗan Tawa ne. Sai a 2003 Nijar ta mai da bauta laifi a doka, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani, wadda aka sayar a matsayin baiwa, gaskiya a ƙarar da ta kai gwamnatin Nijar. Har gobe akwai gidajen da ake hana aure saboda asali. Masu harshen rubuta manhaja na Python sun cire kalmar "slave" a 2018, masu babbar manhajar Linux a Yulin 2020, ban ga abin da ya ragu ba.

Tijjani: Ban musa ba, Malam Issoufou. Amma albashin fa?

Nura: Ku da ake biya ma. Ni suna ganin Najeriya a adireshina suka rufe mini asusu, da dala 300 a ciki.

Sadiya: Wata nawa yanzu? Nawa wata biyar, kullum sai a ce in sake turo fasfo.