An kira ni intabiyu na kujerar darakta, me zan shirya?

Ungozoma daga Kano: Salamu alaikum. Wata ƙungiyar lafiyar mata masu ciki ta kira ni intabiyu. Aikin asibiti na iya, amma kwamitin amintattu ne zai zauna da ni. Me suke tambaya?

Ɗan Zariya: Hajiya, kuɗi za su fara tambaya. Tun da Amurka ta rushe USAID, hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, a 2025, kowa so yake ya ji inda za ki samo tallafi. Ki karanta BHCPF sosai, asusun da Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa don asibitocin matakin farko.

Basakkwatiya: Ƙawata, ki tanadi labarin yadda kika taɓa shawo kan hakimi ko limami. Ke ma ki tambaye su yaushe tallafinsu zai ƙare.

Ungozoma daga Kano: Na gode. Albashi fa?

Ɗan Zariya: Bari su fara faɗin nawa za su biya.