Kukri ta ƙasar Nefal: wasa ta da hana ta tsatsa

Tambaya: Salamu alaikum jama'a. Kukri, wuƙar nan mai lanƙwasa ta sojojin Gurkha, 'yan asalin Nefal, tana saurin tsatsa bayan saran ɗanyen icce, kuma cikinta ba ya hawa dutsen wasa. Yaya ake yi da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maƙeran Nefal galibi da sifirin ɗin mota suke ƙera ta, ƙarfe ne mai riƙe kaifi amma ba ya shiri da danshi. Da ka gama, goge ruwan iccen nan take, ka busar, ka shafa ɗigo biyu na man keken ɗinki. Kada ta kwana a kube da damina. Fatar kuben na riƙe laima.

Amsa: Batun wasawa, shimfiɗaɗɗen dutse ba ya kaiwa lanƙwasar. Naɗa sanfefa mai lamba 400 a jikin sanda mai zagaye, ka bi bakin, sannan mai lamba 1000, wadda ta fi laushi. Ƙananan ƙarafa biyu da ke bayan kube, karda ƙaramar wuƙa ce, chakmak kuwa ba ta da kaifi, miƙe bakin da ya ɗan tanƙware take yi, ba ta cin ƙarfe.

Amsa: Ɗan'uwa, yi sara da faffaɗan wurin, a karkace, nan ne aka fi taurara ƙarfen. Guji ƙullin busasshen icce, yana ɓalle baki. Da hunturu mariƙin ƙaho kan tsage, sai ana shafa masa mai. Wajen zarewa kuma, riƙe kuben ta gefen baya, bakin na iya keta shi ya yanki yatsu.